Yadda Za Ka Karanta Bayanan Ɓarkewar Kwalara da Excel, Daga Rajista Zuwa Zane

Idan damina ta kankama, ofisoshin lafiya na ƙananan hukumomi a Arewa sukan cika da takardun masu amai da gudawa. A 2021 kaɗai, alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, sun nuna sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne a sahun gaba. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa jami'in da ya sha wahalar tattara sunayen nan daga asibiti zuwa asibiti ba ya karanta su. Ya zuba a SORMAS, manhajar da ake tattara rahoton cututtuka a cikinta, ko ya tura jiha, sai ya zauna jiran a gaya masa abin da ke faruwa a garinsa. Alhali da kwamfutar da ke gabansa zai iya amsa tambayoyi uku kafin la'asar: yaushe ciwon ya fara hawa, a ina ya fi tsanani, su wa yake kamawa. Wannan jagorar ta jami'in sa ido kan cututtuka ce, da shugaban ƙaramin asibiti, da ɗalibin makarantar koyon kiwon lafiya. Da Excel zan yi bayani, amma kusan komai yana aiki a Google Sheets da LibreOffice Calc, waɗanda kyauta ne.

Mataki na 1: Tsara jerin tun kafin ka shigar da suna ko ɗaya

Tun ran gini, ran zane. Yawancin wahalar da ake sha wajen lissafi daga tsarin tebur take farawa. Ƙa'idar ita ce: kowane maras lafiya da layinsa na kwance guda ɗaya, kowane irin bayani da layinsa na tsaye guda ɗaya. Layin farko na kanun bayanai ne kawai. Kada ka rubuta sunan ma'aikata da tambari a sama, kada ka haɗe akwatuna da Merge don ado, kada ka bar layi fanko tsakanin asibiti da asibiti, kada ka sa jimilla a ƙasa.

Buɗe sabon fayil, ka sa wa shafin farko suna Jeri, ka jera kanun kamar haka:

- A: Lamba
- B: Suna
- C: Shekaru
- D: Watanni
- E: Jinsi
- F: Mazaɓa
- G: Unguwa
- H: Ranar fara ciwo
- I: Ranar zuwa asibiti
- J: Ruwan sha
- K: Gwaji
- L: Sakamako

Dalilin raba shekaru da watanni yana da muhimmanci. A rajistar asibiti, ma'aikata sun saba rubuta 8/12 idan jariri ɗan wata takwas ne. Ka buga haka a Excel, nan take zai mayar da shi kwanan wata, jaririn ya ɓace daga lissafin yara ba tare da ka sani ba. Don haka ɗan wata takwas, sa 0 a C, sa 8 a D. Idan ba a san shekarun mutum ba, bar akwatin fanko. Sifiri na nufin bai cika shekara ba, ba ya nufin ba a sani ba.

Idan za ka ajiye lambar waya, zaɓi layin gaba ɗaya, ka danna Ctrl da 1, ka mayar da shi Text kafin ka fara bugawa, in ba haka ba sifirin farko zai faɗi.

Bayan ka shigar da mutum biyu ko uku, danna cikin teburin, ka latsa Ctrl da T, ka tabbata an yi alama a kan My table has headers. Wannan zai ɗaure layukan wuri guda. Duk fomular da ka rubuta a akwati ɗaya za ta sauka har ƙasa da kanta, kuma idan ka jera bayanai ba za a raba suna da shekarun mai shi ba, wanda shi ne ɓarna mafi muni domin ido ba ya ganinta. Ajiye fayil ɗin a tsarin xlsx. Tsohon tsarin xls ba ya wuce layi 65,536, kuma wannan iyakar ce ta sa hukumar lafiya ta Ingila ta bar kusan mutum 16,000 masu korona a wajen rahotonta a 2020.

Mataki na 2: Rufe ƙofar rubutu barkatai

Mazaɓa ɗaya za a rubuto maka ita hanya huɗu: Tudun Wada, T/Wada, Tudunwada, da tudun wada mai ɗauke da tazara a ƙarshe. Kai ka san wuri ɗaya ne, kwamfuta kuwa za ta rarraba su. Maganin abin shi ne kada ka bar kowa ya buga sunan da hannu.

Buɗe shafi na biyu, ka kira shi Zaɓi, ka jera sunayen mazaɓun ƙaramar hukumarka sau ɗaya, da rubutun da kuka amince da shi. Koma Jeri, zaɓi layin F, ka shiga Data, sai Data Validation. A ƙarƙashin Allow ɗauki List, a Source ka nuna jerin nan. Daga yanzu ɗan kibiya zai fito a akwatin, sai dai a zaɓa. Yi haka ga jinsi, ga ruwan sha, wato rijiya, burtsatse, famfo, 'yan garuwa, rafi, ruwan leda, sannan ga sakamako: Warkewa, Kwance, Rasuwa.

Mataki na 3: Wanke bayanan da aka turo maka

Yawanci ba kai kaɗai ne ke shigarwa ba. Wani zai turo ta WhatsApp, wani ya sauko da shi daga SORMAS. Kafin ka taɓa komai, yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali gefe. A kan kwafin za ka yi aiki.

Fara da kwanan wata, domin a nan ne ake yin asara mafi yawa. Mu muna fara rubuta rana sannan wata. Kwamfutoci da dama kuwa an saita su a tsarin Amurka, inda wata ke zuwa farko. Ka buga 03/08/2024 kana nufin 3 ga Agusta, ita ta ɗauka 8 ga Maris. Ka buga 25/08/2024, ta ga babu wata na 25, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai, ba kwanan wata ba. Sakamakon haka rabin marasa lafiyarka za su koma watannin da ba a yi ciwon ba, sauran rabin kuma su ƙi shiga lissafi.

Alamar farko da ido za ka gan ta: kwanan wata na gaske yana jingina da dama a akwati, rubutu kuwa yana jingina da hagu. Don tabbatarwa, rubuta =ISNUMBER(H2) a wani layi na gefe. Duk inda ya ce FALSE, akwai gyara. Idan layin duka rubutu ne, zaɓe shi, ka shiga Data, sai Text to Columns, ka danna Next sau biyu, ka zaɓi Date da DMY, ka danna Finish. Waɗanda aka riga aka juya musu rana da wata kuwa, sai ka koma rajista ka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan mayar da tsarin layin ya riƙa nuna sunan wata, kamar 03-Aug-2024, yadda kuskure ba zai sami wurin ɓuya ba. Ka kuma gyara saitin Region na kwamfutar ya koma Najeriya ko Ingila.

Sai sunayen wurare. Danna kibiyar da ke kan Mazaɓa, jerin duk rubutun da ke ciki zai fito, a nan za ka ga T/Wada da 'yan uwanta. Gyara su da Ctrl da H. Fomular =TRIM(F2) tana share tazarar da ta yi yawa.

Mutum ɗaya yakan shiga jeri sau biyu, musamman idan an fara ganinsa a ƙaramin asibiti sannan aka tura shi sansanin jinya. Akwai maɓallin Remove Duplicates, amma ba na son a fara da shi. A garuruwanmu abu ne mai sauƙi a sami mata uku a unguwa ɗaya masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Gara ka zaɓi layin suna, ka shiga Home, Conditional Formatting, Highlight Cells Rules, Duplicate Values. Zai shafa wa masu kama launi, kai kuma ka duba shekaru da unguwa da ranar fara ciwo, in ta kama ka kira asibitin, kafin ka goge kowa.

Mataki na 4: Ƙara layuka uku na lissafi

A M, rubuta kanun Mako, ka sa =IF(H2="","",ISOWEEKNUM(H2)). Makon rahoto yana farawa Litinin ya ƙare Lahadi, haka wannan fomular take ƙirgawa. Sharaɗin farkon yana hana akwatin da ba kwanan wata ya fito da lambar bogi.

A N, Rukuni: =IF(C2="","Babu",IF(C2<5,"00 zuwa 04",IF(C2<15,"05 zuwa 14",IF(C2<45,"15 zuwa 44","45 zuwa sama")))). Sifirin da ke gaban lambobin don su jeru daidai ne a tebur.

A O, Jinkiri: =IF(OR(H2="",I2=""),"",I2-H2), wato kwana nawa tsakanin fara ciwo da zuwa asibiti. Idan ka ga lamba ƙasa da sifiri, an yi kuskuren kwanan wata a wannan layin.

Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram masu Excel na Faransanci za su ga sunayen sun bambanta: IF shi ne SI, COUNTIF shi ne NB.SI, kuma da alamar ; suke raba sassan fomula maimakon waƙafi.

Mataki na 5: Ƙirga, sannan ka raba da yawan jama'a

Buɗe shafi na uku mai suna Taƙaitawa. A layin A jera mazaɓu. A B2 sa =COUNTIF(Jeri!F:F,A2), zai ƙirga masu ciwon mazaɓar. A C2 sa =COUNTIFS(Jeri!F:F,A2,Jeri!L:L,"Rasuwa"). Ja su ƙasa. Sannan ka yi gwajin da bai kamata a taɓa tsallakewa ba: haɗa jimillar B da =SUM, ka gwada da =COUNTA(Jeri!A:A)-1. Idan ba su zo daidai ba, akwai waɗanda ba a rubuta musu mazaɓa ba ko aka rubuta ba daidai ba.

Yanzu mun zo inda nake so ka fi natsuwa. Yawan masu ciwo shi kaɗai yana ruɗarwa. A ɗauki misali: mazaɓar cikin gari tana da masu ciwo 120, wata ta ƙauye tana da 45. Duk wanda ya ga haka zai ce a kwashe kayan aiki a kai cikin gari. To amma a ce ta cikin garin mutum 60,000 ne, ta ƙauyen 9,000. A D sa yawan jama'a, a E sa =B2/D2*1000. Cikin gari zai ba ka 2 cikin kowane mutum 1,000, ƙauyen kuwa 5. Ke nan mutumin ƙauyen ya fi shiga haɗari ninki biyu da rabi. Duka lambobin biyu suna da aiki. Na farko shi zai gaya maka yawan gado da ledar ƙarin ruwa da gishirin ORS da za a tanada, na biyun shi zai nuna inda za a fara tura masu zuba sinadarin kulorin a rijiyoyi da masu wayar da kai.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi, saboda haka duk adadin da za ka sa a D hasashe ne. Nemi wanda sashen rigakafi na ƙaramar hukuma ke aiki da shi, ka yi amfani da tushe ɗaya ga dukkan mazaɓu, ka rubuta tushen a ƙasan teburin. Idan akwai sansanin 'yan gudun hijira ko rugagen makiyaya da ba su cikin hasashen, faɗi haka a rahoto.

A F sa =C2/B2*100, wato kashi nawa cikin ɗari na masu ciwon suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ana samun magani da wuri kuma yadda ya kamata, bai dace wannan ya kai kashi 1 cikin ɗari ba. A misalinmu, idan 3 suka rasu cikin 120, kashi 2.5 ne, ya isa a tashi tsaye. Sai dai a yi hattara da ƙananan lambobi. Mazaɓar da ke da masu ciwo 4 aka rasa 1 za ta nuna kashi 25. Rubuta shi a matsayin 1 cikin 4, sannan ka tambayi kanka ko akwai masu ciwon da ba su zo asibiti ba. Sau da yawa inda mace-mace suka yi yawa a kan adadi kaɗan, waɗanda suka galabaita ne kawai ake kawowa, sauran suna gida.

Mataki na 6: PivotTable don tambayoyin gaggawa

Danna cikin Jeri, ka shiga Insert, sai PivotTable, wato teburin da ke taƙaita maka bayanan Jeri ba tare da ka rubuta fomula ba, ka amince da sabon shafi. Ja Rukuni zuwa Rows, Jinsi zuwa Columns, Lamba zuwa Values. Idan ya rubuta Sum, danna shi ka mayar Count, domin ƙirga kawuna kake so, ba haɗa lambobi ba. Ga teburin shekaru da jinsi ya fito.

Gwada wani: Sakamako a Rows, Jinkiri a Values, ka mayar da shi Average. Idan waɗanda suka rasu sun fi daɗewa a gida kafin a kawo su, matsalar ta hanya ce ko ta kuɗin mota ko ta rashin sani, kuma abin da ake bukata shi ne wurin ba da ORS a cikin unguwa. Idan kuwa sun zo da wuri amma suka rasu, a duba abin da ke faruwa a ɗakin jinya.

Game da ruwan sha, kada ka yi saurin yanke hukunci. Idan yawancin masu ciwo daga 'yan garuwa suke saye, mai yiwuwa don kusan kowa a garin daga gare su yake saye ne. Teburin ya nuna maka inda za ka je ka ɗebo ruwa a gwada, bai kama mai laifi ba, kuma sana'ar bayin Allah ce a tsakani.

Mataki na 7: Zanen hawa da saukar annoba

Wannan zanen shi ne mafi amfani a cikin duka. Kada ka ɗauko shi kai tsaye daga PivotTable, domin yakan tsallake ranakun da ba a sami kowa ba, siffar ta gurɓace. A sabon shafi, rubuta a A2 kwanan watan da ya riga mutum na farko da kwana uku ko huɗu. A A3 sa =A2+1, ka ja har zuwa yau. A B2 sa =COUNTIF(Jeri!H:H,A2), ka ja ƙasa. Ranar da ba kowa za ta nuna sifiri, haka ake so. Lura da cewa ranar fara ciwo muka ɗauka, ba ranar zuwa asibiti ba.

Zaɓi layukan biyu, ka shiga Insert, ka ɗauki zanen sanduna na tsaye, Clustered Column. Danna dama a kan sanda ɗaya, Format Data Series, ka mayar da Gap Width sifiri, sandunan su manne da juna.

Kwalara tana ɗaukar daga awa 12 zuwa kwana 5 kafin ta bayyana a jiki. Saboda haka idan ka ga tsauni ɗaya ya tashi da sauri ya sauka cikin 'yan kwanaki, ka yi zargin wuri ɗaya aka kwasa: rijiya guda, abincin biki, ko zaman makoki. Koma baya daga ƙololuwar da kwana ɗaya zuwa biyar ka tambayi abin da ya faru a unguwar. Idan kuwa tsaunuka ne bi da bi, ko ya hau ya ƙi sauka, ciwon ya bazu ko tushen gurɓatar yana nan ba a toshe ba.

Sandunan kwana biyu ko uku na ƙarshe kusan kullum gajeru ne, don rahotanninsu ba su gama isowa ba. Kada ka kai wa shugaban ƙaramar hukuma albishir cewa abu ya lafa a kan wannan. Rubuta a ƙasan zanen ranar da bayanan suka tsaya. Idan sandunan suna tsalle sama da ƙasa, sa =AVERAGE(B2:B8) a C8, wato matsakaicin kwana bakwai, ka ja ƙasa, ka ƙara shi a zanen, ka mayar da shi layi ta Change Series Chart Type. Idan ɓarkewar ta haura wata biyu, koma ƙirgawa mako-mako da layin M.

Mataki na 8: Zanen mazaɓu

A shafin Taƙaitawa, ɗauki sunayen mazaɓu da layin E, ka riƙe Ctrl wajen zaɓar na biyun, ka sa sanduna na kwance, Clustered Bar, don sunaye su karantu ba tare da karkata wuya ba. Jera teburin daga babba zuwa ƙarami. Excel yakan kifar da jerin a irin wannan zanen, sai ka danna sunayen, ka shiga Format Axis, ka yi alama a Categories in reverse order.

Ma'aunin sanduna daga sifiri yake farawa, ko da yaushe. Idan ya fara daga wata lamba, ɗan bambanci zai zama kamar tazara mai yawa. Bar zane mai kauri na 3-D, bar zanen da'ira idan yankunan sun wuce uku ko huɗu. Sandunan duka su zama launi ɗaya mai sanyi, wadda kake so a lura da ita kaɗai ta zama ja, ka kuma tuna cewa firintar ofis baƙi da fari ce. A wurin take, rubuta abin da ka gano, kamar "Mazaɓar ƙauye ta fi kowace yawan kamuwa, 5 cikin 1,000", ka sa wa kowane gefe sunan abin da yake aunawa.

Mataki na 9: Kafin ka tura, da aikin kowace safiya

Jerin da ke ɗauke da sunaye da lambobin waya ba na zauren WhatsApp ba ne. Sirrin marasa lafiya amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Tura hoton zane da teburin taƙaitawa kawai. PivotTable yana tafiya da bayanan asali a cikinsa, wanda ya danna lamba sau biyu zai ga sunayen, saboda haka kwafe teburin ka manna da Paste Values a sabon fayil, ko ka fitar da shi PDF. Fayil na asali kuma sa masa kalmar sirri ta File, Info, Protect Workbook, Encrypt with Password.

Kowace safiya ƙara sababbin mutane a ƙasan Jeri, ka gyara sakamakon waɗanda aka sallama ko suka rasu, ka ja layin kwanakin zanen ya kai yau, ka shiga Data ka danna Refresh All, domin PivotTable ba ya sabunta kansa. Sake gwada jimillar nan ta Mataki na 5. Ajiye fayil ɗin da kwanan watan ranar a cikin sunansa, kamar kwalara-2024-08-25, ka sa kwafi a filashi saboda ɗaukewar wuta da lalacewar kwamfuta. Abin da za ka shiga taron kwamitin gaggawa da shi takarda ɗaya ce: zanen annoba a sama, zanen mazaɓu a tsakiya, a ƙasa kuma sababbin masu ciwo na jiya, jimilla, waɗanda suka rasu, da sunayen asibitocin da ba su turo rahoto ba.